Idon Auta a Ɗakin Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da aikin nan naki da ba ya ƙarewa. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta hagu tana nan tana jan ta, amma hannun ya fara riƙe kofi, kuma likita ya ce jinin ya sauka. Ni ma ƙugun ya lafa, sai in na daɗe a kan keken ɗinki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Direba, mijin maƙwabciyarmu, alhali ga waya a hannuna ga waya a hannunki. Kin san kunnen Inna. Ƙafa ce ta shanye, kunne kuwa ƙaruwa ma ya yi. Da wayata ta yi ƙara, ko ina banɗaki za ki ji ta ce, "Auta ce? Sa mana mu ji." Saƙon rubutu ma sai na karanta mata, in na tsallake layi ɗaya ta gane daga numfashina. To maganar da zan yi ba ta kunnen Inna ba ce, kuma tunda Direba yana sauke kaya kusa da masana'antarku duk mako, ya zama ɗan aikena ko yana so ko ba ya so.

Maganar kyamarar da kika aiko ce. Mai gyaran waya ya zo ya maƙala ta a saman kabad, ya haɗa ta da ɗan akwatin intanet. Na ce masa na yarda da ido, ban yarda da kunne ba, don haka ya kashe mata sauti. Na ɗauka kwana biyu za ta yi Inna ta manta da ita, ashe ban san me aka kawo mini cikin gida ba. Har suna ta raɗa mata, wai idon Auta.

Tun ranar da kika ce mata a waya kullum ƙarfe huɗu kike kallonta, daga ƙarfe uku babu mai sauran zaman lafiya a gidan nan. Matar da nake lallashi kafin ta yarda da wanka, yanzu ita ke kwaɗa mini kira wai ruwa bai yi zafi ba har yanzu? Zannuwan da ta ɓoye a ƙasan akwati shekara da shekaru duk sun fito. A sa kwalli, a ɗaura ɗankwali a kwance a sake ɗaurawa. Har turare, Auta, ga abin da ba shi da hanci! Sai na ja mata kujera ta fuskanci kabad, na gyara mata matashi, sannan ta dube ni ta ce, "To je ki, kada ki tare mata."

Awa guda cur take yi a zaune tana ɗaga hannu tana yi wa kabad hira. Na ce mata ba a jin magana, ta ce ai kina ganin bakinta. Ƙarfe biyar na bugawa sai kafaɗu su sauka, wayyo bayana, wayyo ƙafata, zo ki ɗaga ni. Wannan kashin shi ne nawa.

Ban yi niyyar magana ba sai da na ga sitatus ɗinki. Ga hoton Inna tana ɗaga hannu, kin rubuta a ƙasa wai duk nisa kina tare da mahaifiyarki. Gwaggo ta kwashe shi ta kai zauren dangi na waya, Kawu ya rubuta "'ya ta gari," sauran suka biyo layi da hotunan zuciya ja. Ki ƙara duba hoton nan da kyau, can gefen dama akwai gwiwar hannu da rabin bokiti. To ni ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba komai, a kowane gida akwai masu kallo akwai masu wanki.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin labarin hannun Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Ina lafiya, sai ƙafafu da ke kumbura saboda tsayuwa. Ƙugunki kuma ki daina raina shi.

Da Direba ya miƙo mini takarda a bakin get, abokan aikina har dariya suka yi, wai ko daga zamanin kakanni aka aiko ni. Ni ma na yi dariyar, har na kai layin ƙarshe. Masu kallo da masu wanki. Sau uku na karanta shi. Wato a ganinki ni kallo na zo yi a nan? Awa takwas nake yi a tsaye ina manna takarda a jikin kwalaben sabulu, suna wucewa kamar ba za su ƙare ba. Mu uku ne a ɗaki, soket ɗaya, kullum sai an yi faɗa a kan caji. In wannan ne kallo, to zo mu yi musaya na mako guda.

Hoton kuma ban sa shi don in rage miki komai ba. Kowa a nan yana sa hoton uwarsa. Wata ma hoton uwar da ta ɗauko a intanet take sawa, muna sane muka yi shiru. Zuciya jan da kike gani ba ta da nauyin komai, Yaya, babban yatsa ne kawai ke dannawa yana wucewa. Kawun da ya rubuta "'ya ta gari," abin da ya rubuta ke nan a ƙarƙashin hoton 'yar Gwaggo ranar da ta sayi firji.

Tunda kin buɗe magana, bari ni ma in faɗi tawa. Kin sa an kashe sauti, don haka ni fim ɗin kurame nake kallo. Kyamarar tana adana abin da ta ɗauka na mako guda. Na koma safiyar Laraba, na gan ki zaune a ƙasa kina shafa wa Inna mai a ƙafa. Kika faɗi wani abu, ta kwashe da dariya har tana share hawaye da gefen zani, har ta kai miki duka a kafaɗa. Sau huɗu na mayar da wurin baya. Me kika ce mata? Ni in na kira ranar Lahadi abu uku nake samu: lafiya lau, kina cin abinci, Allah ya yi albarka. Rabon da in ji dariyar Inna tun kafin ta kwanta ciwo. Kina kukan an ba ki wayyo bayana, ni ko wayyon ba a taɓa ba ni ba.

Sannan kullum bayanki kike juya wa kyamarar, na san ƙeyarki yanzu fiye da tafin hannuna. Ranar Talata kuma an yafa mata zani na wajen minti arba'in. Ba zargi nake ba, amma in akwai abin da ake ɓoye mini game da jikin Inna, uwata ce ni ma.

Ki gaishe ta, ko da yake ba za ki iya cewa daga ina gaisuwar ta fito ba.

Taki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafar da ke kumbura ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin dawo. Inna tana nan da sauƙi, jiya ta taka daga gado zuwa ƙofa ba sanda.

"Ba zargi nake ba." Duk mai fara magana da haka ya riga ya gama zargin. To ga amsar zanin Talata, tunda sai kin ji. Inna ce fitsari ya kufce mata kafin in kawo fo. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Rufe idon nan, kada yarinyar nan ta gan ni haka." Ni na yafa zanin, ni na canza shimfiɗa, ni na wanke ta. A gabanki take jin kunya, a gabana kuwa kamar a gaban bango. Na rasa wanne ya fi, amma na san wanda ya fi wari.

Dariyar Laraba kuma ba wani sirri ba ne. Labarin wata kwastoma nake ba ta. Ta zo da hoton riga a waya, jikin wata siririya kamar tsinke da aka goge wa fuska har ba ta da hanci, ta ce haka take so ta fito sak. Ita kuwa tef ɗina da kyar ya zagaye ta. Na ce Hajiya, rigar zan iya, amma matar da ke ciki ba ni na ɗinka ta ba. Abin da wayoyin nan suka ja mana ke nan. Da can mutum yadi yake kawowa ya ce ki yi mini abin da zai dace da ni, yanzu hoton wata yake kawowa ya ce ki mayar da ni ita. Shi ke nan dariyar da kika mayar baya sau huɗu, ga ta na aiko miki kyauta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya Inna ta ce zannuwanta duk kin gan su, kada ki gaji da kallon abu ɗaya. Ta sa na ajiye ɗinkin mutane na yi mata sabuwar riga, har da aiki a wuya. Shekara nawa ina ɗinki a gidan nan, ba ta taɓa cewa in yi mata riga don ni in gani ba. Kwana biyu na yi a kanta. Ranar Juma'a ta saka, ta zauna gaban kabad tana juya kafaɗa dama da hagu kamar mai tallan yadi. Gwaggo ta shigo dubiya a lokacin, ita ma aka ce ta koma gefe. Gwaggo ta samu waje ta zauna tana cewa kai, Auta ta yi dabara, ko tana nesa ita ke jinyar uwarta. Ina tsaye da tsintsiya a hannu.

Ranar Lahadi da kika kira, Inna ta yi ta jan hira tana jiran ki ambaci rigar. Ba ki ambata ba. Da kika kashe sai ta ce, "Allon wayarta ƙarami ne, ba lalle aikin wuyan ya fito ba." Ita ta ba ki uzurin da kanta. Ni da zan manta gishiri sau ɗaya, sai unguwa ta ji.

Na lura da wani abu a takardarki. Kin san safiyar Laraba, kin san zanin Talata, amma ba ki ce uffan a kan ƙarfe huɗu ba. To ina tambaya, wane launi ce rigar Juma'a?

Yayarki.

*

Auta,

Lafiya dai ko? Mu muna lafiya.

Direba ya je ya dawo sau biyu hannu rabbana. Ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kin ce za ki ba shi amsa, da ya koma kuma aka ce kina ciki. Na san ba ciwo kike ba, don jiya na ga kin sa bidiyon kyanwa tana faɗa da madubi, shekaranjiya kuma kin yi wa wata barka da ranar haihuwa da layi goma sha biyu. Mai lokacin kyanwa ba ta rasa lokacin kalma ɗaya ba. Ja ce, kore ce, shuɗiya ce?

Inna tana nan tana zamanta na ƙarfe huɗu, ko kwana ɗaya ba ta fasa ba. Ranar da aka ɗauke wuta ma sai da ta zauna, wai ko da saura a batir.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ina lafiya. Takardar nan sau uku ina rubuta ta ina yagawa, shi ya sa Direba ya dawo miki haka.

Ban san launin rigar ba.

A masana'antarmu ba a shiga da waya. Daga sha biyun rana zuwa takwas tana kulle a loka, akwatin ajiyarmu na bakin get, wanda aka kama da ita a layi kuwa ya kama hanyar gida. Ban taɓa ganin Inna ƙarfe huɗu kai tsaye ba, ko sau ɗaya. Ranar da ta tambaye ni yaushe nake kallonta, kawai bakina ne ya ce huɗu, don ta samu amsa. Ban san za ta mayar da shi alƙawari ba.

Da farko ina komawa baya in kalla da safe, a cikin motar ma'aikata. Awa guda ce ta mace tana ɗaga wa kabad hannu, ba sauti. Sai na fara sa shi yana gudu, in gama awar a minti uku, hannunta yana karkarwa kamar na 'yar tsana. Daga baya na koma kallon safiya kawai, lokacin da ta manta da kyamarar, don a nan ne nake ganin Innar da na sani. Amma a nan ɗin kuma kullum kina ciki. Ke ce take kama wa hannu, ke ce take yi wa tsaki, ke ce take ba ragowar shayinta. Sai in sauka daga mota ƙirjina kamar an ɗora dutse, in wuni ina manna takarda a karkace. Kishinki nake, Yaya, ga shi na faɗa. Yau kwana goma sha tara ban buɗe kyamarar ba. Bidiyon kyanwa ba ya sa ni kuka a gaban mutane, shi ya sa nake kallonsa. Hoton sitatus ɗin ma tun na makon farko ne.

Don Allah, don darajar iyaye, kada ki gaya wa Inna. Zan gyara. Zan riƙa dubawa ko minti biyar ne, in san abin da ta saka, in ambata ranar Lahadi. Kina da awa ashirin da uku a kowace rana, ki bar mini ɗayar nan. Ko ba na kallo, ni take yi wa ado, kuma shi kaɗai ya rage mini a gidan.

Ki yaga takardar in kin gama.

Auta.

*

Auta,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fata kina lafiya. Inna ba ta lafiya, kuma ni ce sanadi.

Ban yaga takardar ba. Na sa ta a aljihun keke, kwana biyu ina ciro ta ina karanta layi ɗaya: ko ba na kallo, ni take yi wa ado. Yanzu na gane roƙo ne kike yi. A lokacin kuwa gori na ji, kamar kin tsaya a kaina kina cewa ko kina barci kin fi ni.

Ranar Asabar allurar keke ta shige mini yatsa ta farce. Na naɗe shi da ƙyalle, jini yana ɓullowa, na shiga ɗaki huɗu saura kwata don in ja mata kujera. Da hannu ɗaya nake ja, kujerar ta karkace. Ko kallon yatsan ba ta yi ba. Ta ce, "Matsa mana, kin tsaya mata a gaba." Na ce Inna, ciwo na ji. Ta ce, "Ke kullum fuska a murtuƙe. Ga 'yar'uwarki can a wata duniya, amma ko rana ɗaya ba ta manta da ni ba."

Sai na ji bakina ya ce, "Ba ta kallonki. Ba ta taɓa kallonki ƙarfe huɗu ba. Kabad kike yi wa kwalliya."

Ta dube ni ta ce, "Wa ya faɗa miki?" Na ce da hannunki kika rubuta. Ta ce, "Ɗauko ki karanta." Na ɗauko na karanta mata maganar loka, da minti uku, da kwana goma sha tara. Wurin da kika faɗi dalili, wurin dutse a ƙirji, na tsallake shi gaba ɗaya. Da gangan na yi, Auta, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Daɗin bai kai tsawon shan ruwa ba, amma na ji shi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi a cinya da hannunta mai lafiya, ta ce, "Mayar da ni gado."

Yau kwana uku ba ta sauko ba. Wanka sai dai in goge ta da tawul. Abinci cokali biyu ta kau da kai. Ko wayyo bayana ta daina, ni da nake ƙorafinsa yanzu nemansa nake. Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa mata ƙafa ta ce in ta ci gaba da kwanciya haka, duk abin da muka samu a wata shida zai zube, ƙafar za ta sandare. Ta tambaye ni me ya canza. Na ce ban sani ba. Ashe awa ɗayar nan da nake jin haushi ita ce ke tashinta, ita ke sa ta wanka, ita ke sa ta ci abinci don kada ki ga ta rame. Ina da ashirin da uku, ban iya sa ta ta zauna ba. Magana zarar bunu ce, na zara.

Ki zage ni daga baya, yanzu ga abin da nake roƙo. Na ce mata kin nemi izini za ki riƙa fitowa ƙarfe huɗu. Ranar Alhamis ki roƙi shugabarku minti goma, ko me za ta ce. Ki buɗe kyamarar da gaske, ki kira wayata, ki faɗa wa Inna abin da kika gani. Zan yi ƙoƙarin sa mata rigar. Ba zan faɗa miki launinta ba, ki gani da idonki.

Yayarki mai laifi.

*

Yaya,

Ba ni da doguwar gaisuwa yau. Abu ɗaya na roƙe ki a duniya, ɗaya. Da na gama karanta takardarki na rantse ba zan ƙara yi miki magana ba, har na goge lambarki, sai na tuna na haddace ta.

Kin san abin da ya faru ranar Alhamis ta ɓangarenki, ga nawa. Shugabar layi ta ba ni minti goma bayan ta gama yi mini wa'azi. Na tsaya a jikin loka na buɗe kyamarar. Na ga Inna kwance ta juya wa kabad baya, an shimfiɗa mata rigar a kanta kamar bargo. Kore ce, aikin wuyan ruwan zinare, ta yi kyau ƙwarai. Ke kuma kina tsaye a tsakiyar ɗaki da waya a hannu kina kallon kyamarar ido cikin ido. Ranar na fara ganin fuskarki a cikinta. Kin rame, Yaya. Babu wanda ya gaya mini kin rame haka.

Kin ji abin da ta ce da na kira. Na faɗi launi, na faɗi aikin wuya, na faɗi har kofin da ke kan kujera, ta ce, "Yayarki ce ta faɗa miki." Na rantse mata, ta ce Allah ya yi albarka.

Kullum yanzu ina fitowa ƙarfe huɗu a maimakon hutun cin abinci, bayanta kawai nake gani. Ƙaryar tawa ce, faɗar taki ce. Me za mu yi?

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Lambar da kika goge tana gaishe ki. Yatsana ya warke, farcen ne dai zai fita. Inna tana nan yadda kike ganinta, yau kwana goma sha biyu.

Jiya na ɗauko takardarki ta biyu na zauna a bakin gado na karanta mata wurin da na tsallake, tun daga kallon safiya har dutse a ƙirji. Na ce mata da gangan na ɓoye, don ina jin haushin ba ta taɓa yi mini ado ba. Ta ce, "Na san kin tsallake." Sai kuma ta ce, "Ku biyu kun ishe ni." Ta karɓi shayi rabin kofi, shi ne mafi yawa a makon nan. Na ce to in ja kujera, ga shi yanzu da gaske kina kallo? Ta ce, "Na gaji da zama gaban kabad. Mai son ganina ya san ƙofar gida."

Don haka ba ni da sauran dabara sai ke. Na san hutu a wajenku ba a banza ake ba da shi ba, na san akwai masu jiran gurbinki a layi. Duk da haka ki zo, ko kwana uku ne. Ma'aikaciyar asibiti ta ba mu mako guda kafin ta fara maganar keken guragu.

Na san abin da zai faru ranar da kika yi sallama. Za ta tashi zaune, za ta ce a ɗora ruwa, za ta ce ina rigar. A minti biyar za ki yi abin da na kasa a kwana goma sha biyu, kuma zan ji zafinsa, ina gaya miki tun yanzu don kada ki ce ban faɗa ba. In kin ga na fita na hau keke ina dirza shi kamar ya yi mini laifi, kada ki biyo ni, kada ki ba ni haƙuri. Ki zauna kusa da ita ki tabbata ta cinye abincin.

Direba zai taso daga wajenku ranar Asabar da safe. Na ce ya ajiye miki kujerar gaba.

Yayarki.